Malamin Makaranta a Zauren Majalisa: Tarihin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa

Babu ɗalibin da bai san fuskar da ke jikin takardar naira biyar ba. In aka yi tambaya a aji, nan da nan hannuwa za su tashi a ce ai Firayim Ministan Nijeriya ne na farko, kuma daga kansa ba a sake yin wani ba. Amsar daidai ce, amma ba ta cika ba. Tun kafin duniya ta san shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne wanda lardinsa ya aiko nan Kaduna ya wakilce shi a Majalisar Jihar Arewa. A wannan gari namu, a hayin kogi, ya yi aikin da ya fara fito da sunansa. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne aka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ne ya fi kusa da mu, malamai da ɗalibai. Saboda haka a kansa za mu fi tsayawa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin gundumar Lere ta ƙasar Bauchi. Masana sun ce sunan garin daga Fillanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala Bageri ne, yana hidima a gidan hakimin Lere. Mahaifiyarsa kuwa sunanta Fatima Inna. Ke nan shi ba ɗan sarki ba ne, ba jikan sarki ba. A ƙofar gidan sarauta ya tashi, yana ganin yadda ake mulki da yadda talaka ke durƙusawa, amma ba a cikin masu jiran gado yake ba. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai taimaka masa wajen gane abin da ke gaba.

Ya fara da makarantar allo, sa'an nan elementare a garinsu, daga nan aka kai shi makarantar lardi a Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa duka. Aikinta shi ne horar da malamai. A can ya tarar da Ahmadu Raɓah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi da aji biyu. Wannan kwaleji ita ce aka dawo da ita Kaduna a 1938, aka kuma mai da ita Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. An san malaman Katsina da tsananta wa ɗalibai a kan furta Turanci daidai, Abubakar kuwa ya yi fice a wannan fanni. Muryar nan tasa mai kauri da natsuwa, wadda daga baya ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, a aji aka fara goge ta.

Alli da Allo

Ya gama a 1933, ya koma gida ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi. A wannan shekara Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Labarin wani yaro ne da aka sace aka kai shi ƙetaren Hamada a zamanin cinikin bayi, da irin wahalar da uwarsa ta sha wajen nemansa. Saurayi mai shekara ashirin da ɗaya ne ya rubuta shi, amma duk wanda ya karanta zai ga tun a lokacin hankalinsa na kan marar gata. An fassara littafin da Turanci a 1967, an kuma yi fim ɗinsa a 1976.

A 1941 ya zama hedimasta. Bauchi ta wancan zamani ta tara malamai masu kaifin tunani, irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin. A 1943 suka kafa wani dandalin muhawara inda ake zama a tattauna al'amuran mulki da na zaman jama'a. Tambayoyin da ake yi a wurin sun yi wa hukuma zafi, har dandalin bai yi tsawon rai ba. Tun a nan aka ga bambancin halin mutanen. Sa'adu da Aminu wuta ne. Abubakar kuwa mai tauna magana ne kafin ya faɗa, ba ya son a rushe gida don ɗaki ɗaya na yoyo. Amma dukansu sun yarda akwai yoyon.

A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi kwas na shekara ɗaya a kan aikin koyarwa. Ya isa Ingila daidai lokacin da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga yadda talakawa ke zaɓen masu mulkinsu, da yadda ake tuhumar minista a majalisa ba tare da an ɗaure kowa ba. Gani ya kori ji. Ya komo a 1946 aka ba shi aikin duba makarantu a lardin Bauchi.

Majalisar Farko a Kaduna

A daidai wannan lokaci Gwamna Richards ya kawo sabon tsarin mulki wanda ya fara aiki a 1947. Aka raba Nijeriya jiha uku, Arewa da Gabas da Yamma, kowace da majalisarta. Ita Arewa majalisa biyu aka ba ta: ta Sarakuna da ta Wakilai, duka a Kaduna. Kada ɗalibi ya ɗauka irin majalisar yanzu ce. Ba a jefa ƙuri'a ba. Kusan rabin kujerun na Turawan gwamnati ne, wato Razdan-Razdan da shugabannin ma'aikatu, kuma Bature ne ke shugabantar zama. Sauran kuwa hukumomin En'e ne suka zaɓo yawancinsu daga cikin ma'aikatansu da 'yan majalisar sarki, Gwamna ya naɗa kaɗan. Bugu da ƙari majalisar ba ta da ikon kafa doka. Iyakarta ta duba, ta yi muhawara, ta ba da shawara.

Lardin Bauchi ya aiko Malam Abubakar. Daga Kaduna kuma aka zaɓe shi cikin mutum biyar da za su wakilci majalisar a babbar Majalisar Dokoki ta Legas, tare da su Aliyu Makaman Bida. A 1949 Sardauna ya shigo majalisar ta Kaduna daga Sakkwato, tsofaffin ɗaliban Katsina suka sake haɗuwa.

A shekarunsa na farko a Legas, Malam Abubakar bai yarda Nijeriya ƙasa ɗaya ce ba. Ya faɗa a fili cewa haɗin da Gwamna Lugga ya yi a 1914 a takarda kawai yake, domin mutanen sun bambanta a harshe da addini da al'ada. Tsoronsa shi ne Arewa tana baya ƙwarai a karatun boko, in Turawa suka tafi da wuri 'yan Kudu ne za su riƙe kowane ofis. Da wannan ra'ayi ya je babban taron Ibadan na Janairun 1950, inda wakilan Arewa suka kafe sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tarayya. Haka kuwa aka yi: a tsarin Macpherson na 1951 Arewa ta sami kujera 68, Gabas 34, Yamma 34.

Wanda ya ji wannan zai zaci mutumin ɗan amshin shatan sarakuna ne. Abin da ya faru bayan wata bakwai ya nuna ba haka ba ne.

Yadda Mulkin En'e Yake

Kafin mu zo ga ranar, sai mun bayyana wa 'yan baya mene ne En'e. Da Turawa suka ci Arewa a farkon ƙarni na ashirin ba su da yawan da za su yi mulki da kansu, sai suka bar sarakuna a kan gadonsu suna mulki ta hannunsu. Hukumar sarki ita ake kira En'e. Tana da baitulmalinta, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da 'yan doka. Ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa. Ita ke ɗaukar malamin makaranta da malamin asibiti da malamin daji, ita ke kuma sallamarsu.

A manyan masarautu doka ta ce sarki shi kaɗai shi ne hukumar. Yana da 'yan majalisa, amma bai zama dole ya bi shawararsu ba. Wuƙa da nama na hannunsa, babu mai ce masa don me sai Razdan. Akwai sarakuna adalai waɗanda suka riƙe amana, ba a musun wannan. Amma tsarin bai tanadi kariya ga talaka ba in aka yi rashin sa'a. Manomin da aka karɓi harajinsa sau biyu, ko aka ƙwace masa gona, ko aka sa shi aikin tilas, ina zai kai kuka? Alƙalin na sarki ne, ɗan dokan na sarki ne, yarin ma na sarki ne. A wurare irin su kudancin lardin Zariya da wasu sassan Bauchi da Adamawa abin ya ƙara nauyi, domin sau da yawa hakimin da aka turo daga birni ba harshensa ɗaya da mutanen da yake mulka ba, ba kuma addininsu ɗaya ba.

Kowa ya san da wannan, amma a ɗaki ake faɗa. A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, suka fito fili suna neman 'yancin talaka. Amma su a waje suke, hukuma na iya cewa 'yan tawaye ne ta kama su. A cikin zauren majalisa ba a taɓa jin wanda ya tayar da maganar ba.

Ranar 19 ga Agusta, 1950

A wannan rana Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya gabatar da ƙuduri cewa a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e gaba ɗaya, ya kawo shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani.

Bai yi zagi ba, bai kama sunan kowane sarki ba. Yadda malami ke bin darasi daki-daki haka ya bi maganar. Ya nuna cewa ikon da aka tara a hannun mutum ɗaya ba gadon kakanni ba ne, domin a da sarki ba ya yanke babban al'amari sai da manyan fadarsa. Turawa ne suka ƙara masa ƙarfi don sauƙin mulkinsu. Ya nuna talaka bai san haƙƙinsa ba, ba a kuma neman ra'ayinsa a kan kuɗin da shi ya biya. Ya taɓo kotuna da ƙarancin horon masu shari'a. Ya taɓo yadda ake ba da aiki don sanayya da dangantaka a bar wanda ya cancanta. Sa'an nan ya ambaci abin da kowa ke tsoron ambata, wato cin hanci da toshiyar baki da ake sakayawa da sunan gaisuwa, tun daga ƙofar mai unguwa har sama. Ya yi gargaɗi cewa in masu mulki ba su yi gyara da hannunsu ba, wata rana za a yi musu shi ba da son ransu ba.

Sai mu tsaya mu auna nauyin wannan abu. Mai maganar En'e ce ta zaɓo shi. Yawancin waɗanda ke zaune kusa da shi daga baitulmalin sarki ake biyansu albashi, kuma in an tashi majalisa kowa gida zai koma ya faɗi gaban sarkinsa ya yi gaisuwa. Shi kansa ɗan bara ne a gidan hakimi. A wancan zamani ƙaramin ma'aikaci kan rasa aikinsa a kan abin da bai kai wannan ba. Turawan gwamnati kuma ba su so a taɓa tsarin da suka yi shekara kusan hamsin suna tinƙaho da shi ba, don haka ba su goyi bayan ƙudurin ba. Da aka ƙirga, wakilan 'yan ƙasa sun tsaya tare da shi, ƙudurin ya wuce da ratar ƙuri'a ɗaya tak.

Sarakuna da yawa ransu ya ɓaci. Waɗansu sun ɗauka ya haɗa kai da su Aminu Kano ne. Su kuma masu zafin ra'ayi suna ganin bai je ko'ina ba, tun da bai ce a kawar da sarauta ba. Shi dai matsayinsa shi ne na karin maganar nan: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da Ƙudurin ya Haifar

Gwamnati ba ta kafa kwamiti mai zaman kansa yadda ya nema ba. Sai ta sa ma'aikatanta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. Daga nan aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, sarakuna da wakilai suka zauna tebur ɗaya a kan batun. A 1952 aka yi dokar da ta soke matsayin sarki shi kaɗai a matsayin hukuma. Aka koma tsari iri biyu. A na farko dole sarki ya shawarci majalisarsa, in kuwa ya saɓa mata sai an sanar da gwamnati. A na biyu abin da mafi yawan 'yan majalisa suka yanke shi ne hukunci, ko da sarki bai so ba. A 1954 aka yi babbar dokar En'e wadda ta tattara waɗannan gyare-gyare, ta kuma buɗe hanyar kafa majalisun gundumomi da na garuruwa masu zaɓaɓɓun wakilai. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka ɗaura Yaƙi da Jahilci don koya wa manya karatu da rubutu, saboda wanda ke iya karanta rasiɗin harajinsa ya fi wuyar cuta.

Gaskiya ita ce gyaran bai kai inda ake bukata ba. A wurare da yawa suna ne ya sauya, hali bai sauya ba. Da siyasar jam'iyyu ta kankama ma, an yi ta amfani da kotunan En'e da 'yan doka wajen musguna wa 'yan adawa, kuma jam'iyyar da ta fi cin moriyar haka ita ce tasa. Sai bayan rasuwarsa, a zamanin soja, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin gaba ɗaya. Tambayar wa zai mulki wa a ƙasashen ƙananan ƙabilu kuwa ta daɗe ba a amsa ta ba. Jinin da aka zubar a garin Tafawa Ɓalewa kansa a 1991, da na Zangon Kataf a 1992 wanda ya fantsamo har cikin Kaduna, yana da saiwa a wannan tambaya. Duk da haka, ƙofar da aka yi shekaru ana bi ana gyara, shi ya fara tura ta daga ciki.

Daga Kaduna zuwa Legas

Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko, shugabanta na farko kuwa Dokta R. A. B. Dikko ne, Kirista ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na nan Kaduna ke ɗauke da sunansa. A 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Sardauna ya zama shugabanta daga baya, Malam Abubakar mataimaki. A 1952 aka naɗa shi Ministan Ayyuka a Legas, daga baya Ministan Sufuri.

A Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aƙalla mutum 36 suka mutu. Majalisun Kaduna suka zartar da buƙatu takwas waɗanda saura ƙiris su zama ballewa daga Nijeriya. Tsarin mulki na 1954 ya warware rikicin ta hanyar ba kowace jiha iko mai yawa. Daga nan Sardauna ya zauna Kaduna ya zama Firimiya, Malam Abubakar ya bar kujerarsa ta nan ya tare a majalisar tarayya.

A 1955 ya ziyarci Amurka don ya ga yadda ake sufuri a Kogin Misisifi, da nufin a yi irinsa a Kwara da Binuwai. Abin da ya gani ya wuce jiragen ruwa. Ya ga mutane daga ƙasashe da harsuna barkatai sun zama al'umma ɗaya. An ruwaito cewa daga wannan tafiya ya sauya ra'ayi, ya komo yana mai imani Nijeriya ma za ta iya. Mutumin da ya ce haɗin kan ƙasa a takarda yake, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin riƙe ta. Sauya ra'ayi bayan an ga hujja ba rauni ba ne, alamar mai ilimi ce.

Tarihin Amurka ɗin ma yana da mai kama da shi. Abraham Linkon ɗan talaka ne wanda ya yi tuƙin kwalekwalen kaya a wannan Kogin Misisifi yana saurayi. Kafin ya zama shugaban ƙasa a 1861, ya yi shekara takwas, daga 1834 zuwa 1842, yana wakili a ƙaramar majalisar Jihar Ilinoi. A can ne a 1837 shi da wani abokinsa suka sa aka rubuta a littafin majalisa cewa bautar da mutane zalunci ce, a lokacin da faɗin haka ba ya kawo ƙuri'a. Shi ma kashe shi aka yi, a 1865. Manyan shugabanni sau da yawa a ƙaramin zaure ake fara gane su.

Firayim Minista

A 1957 ya zama Firayim Minista, ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyu uku. Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya karɓi takardun 'yancin Nijeriya daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira da sunansa. Bayan mako ɗaya ya kai ƙasar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama ta 99 a jerin mambobi. Tsarin mulkin da aka karɓi 'yanci da shi ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam, har da 'yancin addini, bisa shawarar kwamitin Willink wanda ya saurari koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958.

A zamaninsa aka ja layin dogo daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, aka kuma fara gina madatsar ruwa ta Kainji. Ya aika soja Kwango don kwantar da tarzoma. A 1961 ya yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Hamada. Yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. A 1962 gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, abin da mutane da yawa suka ɗauka murƙushe 'yan adawa ne. A 1963 aka ɗaure Cif Awolowo shekara goma. Aka yi gardama mai zafi a kan ƙidayar 1962 da ta 1963. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960 da 1964, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilanta shi ne zaluncin En'e, wato ainihin ciwon da ya yi magana a kansa a Kaduna. Wannan karon soja aka aika. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya zo da ƙauracewa da zargin maguɗi. Na Jihar Yamma a Oktoba 1965 ya fi muni, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, Firayim Minista kuwa bai ɗauki matakin da ake jira ba. Masu sukarsa sun ce haƙurinsa ya yi yawa, kuma bai iya saɓa wa jam'iyyarsa ba, tun da shugabanta na Kaduna. Ƙarfin halin da ya nuna yana ƙaramin wakili ya yi masa wuyar nunawa da ya hau babbar kujera. Wannan ma darasi ne.

Rasuwarsa

A ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya. Da asubahin ranar 15 ga wata, cikin azumi, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A daren nan aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan da manyan hafsoshi da dama. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta. Aka kai shi Bauchi aka binne. Shekararsa 53. Abokai da abokan hamayya sun haɗu a kan abu ɗaya: bai tara dukiya ba. Hutunsa a gonarsa ta Bauchi yake yi. Kabarinsa yanzu wurin ziyara ne, jami'ar tarayya ta Bauchi tana ɗauke da sunansa, haka ma wani babban titi a nan Kaduna.

Abin Koyi ga Ɗalibai

Ginin Lugard Hall mai ƙubba, inda majalisun Jihar Arewa suka riƙa zama har zuwa 1966, shi ne mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. A cikin masu karanta wannan mujalla ba mamaki akwai waɗanda wata rana za su zauna a ciki, ko a majalisar ƙaramar hukuma, ko a kwamitin unguwa. To, me ake nema ga wakili?

Na farko, ya san abin da yake faɗa. Malam Abubakar bai burge majalisa da ihu ba, da shiri ya burge ta, shirin kuwa a aji ya koye shi, shekara goma sha biyu yana riƙe da alli. Na biyu, ya tuna da wanda ba ya cikin zauren. Manomin da aka yi maganarsa ran 19 ga Agusta 1950 bai san ana yi ba, ba shi kuma da ƙuri'ar da zai saka da ita. Na uku, ya iya faɗa wa nasa gaskiya. Sukar na nesa ba wuya, kowa ma yana yi. Gwajin mutum shi ne ranar da laifin ke gidansu, a jam'iyyarsu, a ƙabilarsu, ko a wurin wanda ya ba shi kujerar. Na huɗu, ya sani wannan gwaji ba sau ɗaya ake cin sa a huta ba. Wanda ya ci shi a 1950 ya sake fuskantarsa a 1965, kuma tarihi bai ba shi maki ɗaya a duka biyun ba.

Ku da kuke shugabannin ɗalibai, da masu kula da aji, da 'yan ƙungiyar muhawara, kun riga kun fara. Yadda ka riƙe ɗan ikon da aka ba ka a kan 'yan aji ɗaya, haka za ka riƙe babba. Allah ya ba ƙasarmu wakilai masu tsoronsa, masu jin kukan marar gata. Amin.